Tazarar Taurari a Cikin Gungu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk ajin da aka nuna wa hoton gungun taurarin nan Omega Centauri, a Nima ne ko Madina ko Aboabo, ba a rasa ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, waɗannan ba sa gogar juna?" Tambayar tana kan hanya, domin hoton kamar an zuba gero a faranti yake. Amsoshin nan mun tsara su ne domin malaman kimiyya da ɗaliban sakandare da duk mai sha'awar ilimin falaki a Accra da Kumasi. Sunayen taurari mun bar su yadda suke a manhajojin waya irin su Stellarium, don mai nema ya same su ba wahala.

Me ake nufi da gungun taurari?

Taurari ne da aka haifa tare daga gajimare guda na iskar gas da ƙura, ƙarfin janyowa ya riƙe su wuri ɗaya, suna tafiya tare. Manyan ire-irensu biyu ne.

Akwai sakakken gungu, mai taurari daga 'yan gomomi zuwa 'yan dubbai, yawanci matasa, ba shi da tsayayyar siffa. Wanda kowa ya sani shi ne Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, a manhaja kuma Pleiades ko M45. Ido yana ganin shida ko bakwai, amma 'yan gungun sun haura dubu. Nisanta daga gare mu shekarar haske 444, shekarunta kuwa wajen miliyan 100 da 'yan kai.

Sai dunƙulallen gungu, wanda yake a dunƙule kamar curin fura. Taurarinsa daga dubbai goma-goma har miliyoyi, tsofaffi tukuf, masu shekara biliyan 11 zuwa 13. Galaksinmu, wato babban taron taurarin da Rana take ciki, yana da irinsu sama da 150. Babbansu shi ne Omega Centauri: taurari wajen miliyan 10, faɗinsa shekarar haske 150, nisansa kusan 17,000.

Kada a haɗa gungu da buruji. Buruji zane ne da ido ya haɗa daga inda muke tsaye. A Orion, tauraron Bellatrix yana nisan shekarar haske wajen 250, Rigel kuwa wajen 860. Ba abin da ya haɗa su sai layin gani.

Da wane ma'auni ake auna irin wannan nisa?

Kilomita ba ta da amfani a nan, sifili zai cika takarda. Haske yana cin kilomita 300,000 a sakan guda, daga Rana zuwa gare mu, kilomita miliyan 150, minti 8 da sakan 20 yake yi. Abin da ya ci a shekara guda shi ne shekarar haske: kilomita tiriliyan 9.46, wato ninki 63,000 na tazarar Rana da Duniya. Masana kuma sun fi amfani da fasek, wanda yake shekarar haske 3.26.

Wajen kwatanta cunkoso ana cewa taurari nawa ne a cikin akwati mai tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, zurfi ɗaya. A nan ɗalibai suka fi faɗawa rami. Akwatin fasek ba ninki 3.26 yake na akwatin shekarar haske ba, sai an yi 3.26 sau 3.26 sau 3.26, ya ba da kusan 35. Wanda ya manta wannan lissafinsa ya tashi tun daga tushe.

To, nawa ce tazarar da ke tsakanin tauraro da maƙwabcinsa?

Ya danganta da inda aka tsaya a cikin gungun. Kamar a tambaye ka tazarar da ke tsakanin mutane a Kumasi: a tsakiyar Kejetia kafaɗa na gogar kafaɗa, a bayan gari kuwa sai ka yi tafiya kafin ka haɗu da mutum. Kowane gungu tsakiyarsa ta fi cika, gefensa yana tsinkewa a hankali har ya ɓace.

A unguwar da Rana take, wadda ba gungu ba ce, tauraro mafi kusa shi ne Proxima Centauri, shekarar haske 4.24. A nan sai an haɗa akwatin shekarar haske wajen 250 zuwa 300 kafin a sami tauraro ɗaya, abin da ke ba da tazarar shekarar haske shida zuwa bakwai a matsakaici.

A tsakiyar sakakken gungu ana samun tauraro ɗaya ko ɗaya da rabi a kowane akwatin shekarar haske, tazarar ta dawo wajen shekarar haske guda. A gefensa tana komawa uku, huɗu, har ta yi daidai da ta sauran sararin.

A dunƙulallen gungu, in an ɗauke shi gaba ɗaya, tazarar wajen shekarar haske ɗaya ce. A cibiyarsa ana samun taurari 100 zuwa 1,000 a akwatin fasek, kuma dubu a akwatin fasek yana nufin tazarar sulusin shekarar haske. Ga cibiyar Omega Centauri za ku ga wasu sun rubuta sulusi, wasu sun rubuta 0.1. Bambancin yana zuwa ne daga girman yankin da aka kira cibiya da kuma yawan ƙananan taurari marasa haske da aka sa a ƙidaya. Akwai kuma gungun da cibiyarsu ta durƙushe ta matse, irin M15, inda cunkoson ya wuce wannan nesa ba kusa ba.

Waɗannan lambobin ba sa zama a kai. Akwai misalin da za a iya gani da ido?

Akwai, kuma shi muka fi so malamai su riƙa bayarwa a aji. A ɗauki ƙwayar wake mai faɗin milimita 7, a ce ita ce Rana, a ajiye ta a Accra. A wannan sikeli Duniyarmu tana nisan santimita 75 daga waken, bai kai taku ɗaya mai kyau ba, kuma ƙanƙantarta ta kai ido ba zai gan ta ba sai da ƙyar. Neftun, ta ƙarshe cikin manyan duniyoyi takwas, tana nisan mita 22, cikin harabar makaranta ke nan. Proxima Centauri kuwa yana Kumasi, kilomita 200 a miƙe, ba ta hanyar mota da ke ratsa Nsawam da Nkawkaw ba. Tsakanin nan da can babu wani wake. Shi Proxima ɗin ma bai kai wake ba, ƙwayar yashi ne mai milimita guda.

A sikelin, shekarar haske ɗaya kilomita 47 ce. Saboda haka a tsakiyar sakakken gungu, wake ɗaya a nan, na biyu kilomita 47 gaba. A cibiyar dunƙulallen gungu mai tazarar sulusi, kilomita 16 ne tsakanin wake da wake, bai kai tsawon titin motowe na Accra zuwa Tema ba, wanda yake kilomita 19. In kuma an ɗauki 0.1, tazarar ta zama kilomita 4.7: wake ɗaya a Nima, ɗan'uwansa can wajen Makola ko gaba kaɗan.

Wannan shi ne wurin da ake kira mafi cunkoso. Ƙwayar wake a Nima, wata a Makola, sama da ƙasa da kowane gefe haka. Omega Centauri ɗungurungum zai zama wake miliyan 10 warwatse a cikin ƙwallo mai faɗin kilomita 7,000, wato tafiyar Accra zuwa Makka sau ɗaya da rabi.

Wanda ya fi son lissafin tafiya, kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a sakan. Shekarar haske guda za ta ci masa shekara 17,600. Ko a cibiyar da tazarar take 0.1, sai ya yi shekara 1,760 kafin ya isa maƙwabci.

In haka ne, me ya sa a hoto suke a cakuɗe har tsakiyar ta zama fari fat?

Dalilai biyu ne, kuma dukansu daga wajenmu suke.

Na ɗaya, hoto shimfiɗaɗɗe ne, gungu kuwa yana da zurfi. In ka dubi tsakiyar Omega Centauri, idonka yana ratsa shekarar haske 150 na taurari, na gaba da na tsakiya da na baya duk sun faɗo kan fuska ɗaya. Taurari biyu da suka manne a hoto suna iya kasancewa da shekarar haske 60 a tsakaninsu, ɗaya a bayan ɗaya.

Na biyu ya fi muhimmanci, kuma an fi mantawa da shi. Ɗigon hasken da ke kan hoto ba shi ne girman tauraron ba. Ana raba digiri ɗaya na sama zuwa minti 60, kowane minti zuwa sakan 60. Iskar da ke samanmu tana rawa, tana baza hasken kowane tauraro ya zama tabo mai faɗin sakan ɗaya zuwa biyu, ko da madubin hangen nesan mai kyau ne. Ainihin faɗin tauraro irin Rana a nisan shekarar haske 17,000 bai kai kashi biyu cikin miliyan na sakan ba. Ke nan tabon ya ninka tauraron sau dubu ɗari biyar. A wancan nisan, sakan ɗaya yana rufe shekarar haske 0.08, kusan daidai da tazarar taurarin cibiyar. Dole tabo ya hau kan tabo. Madubin Hubble, da yake saman iska yake, tabonsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, shi ya sa a hotunansa ake ganin baƙin sarari a inda hoton ƙasa ya nuna fari. In mai ɗaukar hoto ya bar kamara a buɗe ta daɗe don ƙananan taurarin gefe su fito, tsakiyar sai ta ƙone gaba ɗaya.

Zan iya lissafa tazarar taurari biyu da kaina?

Ƙwarai, in kana da nisan gungun da kusurwar da ke tsakaninsu. A mayar da kusurwar zuwa digiri, a ninka da 0.01745, sannan a ninka da nisan gungun.

Ga Kaza da 'Ya'yanta, digiri ɗaya yana ba da 444 sau 0.01745, wato shekarar haske 7.75. Tsakanin Alcyone, wanda ya fi kowa haske, da Atlas akwai minti 23. Raba 23 da 60 ya ba da digiri 0.38, ninka da 7.75, ka sami shekarar haske 3 cif ko kusa da haka. Atlas da Pleione, waɗanda ido yakan haɗe su in sama ba ta yi garau ba, minti 5 ne tsakaninsu, shekarar haske 0.65. Stellarium yana da abin auna kusurwa, ana iya gwada sauran taurarin da shi.

Sai dai a rubuta a gefen amsar cewa wannan ita ce mafi ƙarancin tazara. Lissafin ya ɗauka dukansu nisansu ɗaya daga gare mu. In ɗaya ya fi ɗaya zurfi da shekarar haske 4, to waɗancan 3 sun zama 5, bisa ƙa'idar Pythagoras da ake koyarwa a ƙaramar sakandare. Kurakuran da aka fi yi su ne mantawa da mayar da minti zuwa digiri, da haɗa nisan fasek da amsar shekarar haske, da kuma rikita mintin kusurwa da mintin lokaci da manhaja ke rubutawa a layin matsayin tauraro na gabas da yamma. Minti ɗaya na lokaci minti 15 ne na kusurwa a layin sama da ke saitin tsakiyar Duniya, yana raguwa in an matsa arewa ko kudu.

Matsakaiciyar tazara ta gungu gaba ɗaya fa?

A nemi girman cikin ƙwallon: 4.19 sau rabin faɗi sau rabin faɗi sau rabin faɗi. A raba da yawan taurari, a ga rabon kowane tauraro. Sannan a nemi lambar da in an yi ita sau ita sau ita za ta ba da wannan rabo, alamar ∛ a kalkuleta.

Mu gwada da Omega Centauri. Rabin faɗinsa 75. Girman ciki ya kama akwatin shekarar haske miliyan 1.77. A raba da miliyan 10, kowane tauraro ya sami 0.177. Saiwarsa ta uku 0.56. To amsar rabin shekarar haske ce da ɗan ɗori.

Amma wannan lamba ba ta dace da cibiya ba, ba ta dace da gefe ba, tunda taurarin ba a rabe suke daidai wa daida ba. Shi ya sa masana ke yanka gungun zobe-zobe kamar albasa, su ƙidaya kowane zobe daban. Akwai kuma wani gyara: lissafin saiwa ta uku yana ɗauka taurari a jere suke kamar shuka a kunya. In a warwatse suke ba tsari, maƙwabci mafi kusa yakan kasance wajen kashi 55 cikin ɗari na wannan amsa. Littattafai biyu suna iya saɓawa da kusan ninki biyu saboda wannan kawai, alhali bayanansu ɗaya.

Me zai hana a auna nisan kowane tauraro daban, a ɗebe wannan daga wancan?

Hanyar da ake da ita ta awo kai tsaye ita ce gocewar gani. Miƙa hannu, ka ɗaga babban yatsa, ka rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu: yatsan zai yi tsalle a kan bangon da ke bayansa. Duniya ma haka take yi. Hoton da aka ɗauka a Janairu da na Yuli daga gefuna biyu na zagayen Rana suke, tauraron kusa sai ya ɗan gusa. Friedrich Bessel ne ya fara buga irin wannan awo a 1838, a kan tauraron 61 Cygni. Rabin wannan gusawar ake kira gocewar tauraron, nisa a fasek kuma shi ne 1 a raba da gocewar a sakan.

Matsalar ƙanƙantar gocewar ce. Ta Kaza da 'Ya'yanta sakan 0.00735 ce, abin da ya ba da fasek 136. Kumbon Gaia na hukumar sararin samaniyar Turai, wanda aka harba a Disamba 2013 ya kammala aiki a farkon 2025, ya auna taurari sama da biliyan ɗaya, kuma kuskurensa ga masu haske sosai wajen sakan 0.00002 zuwa 0.00003 ne. Ga Kaza wannan yana nufin shakkar kusan shekarar haske biyu a zurfin kowane tauraro. Ana iya ganin siffar gungun sama-sama, amma ba a iya cewa wannan shi ne maƙwabcin wancan. Ga Omega Centauri gocewar duka-duka sakan 0.00019 ce, kuskuren ya kai kashi 10 cikin ɗari, wato shekarar haske 1,700, fiye da ninki goma na faɗin gungun kansa. Awo da igiyar da kuskurenta ya fi filin girma ba ya raba gona. Don haka a dunƙulallen gungu ana haɗa awon dubban taurari a fitar da nisa ɗaya, a ƙara da taurari masu bugun haske irin RR Lyrae waɗanda aka san ainihin haskensu, sannan tazarar ciki a fitar da ita ta ƙidaya da lissafi.

Nisan gungun kansa ma an sha jayayya a kai. Kumbon Hipparcos, wanda aka harba a 1989, ya ba Kaza fasek wajen 120, alhali sauran hanyoyi suna cewa 133 zuwa 135. An yi shekaru ana ja-in-ja, sai a 2014 aka auna da faifayin rediyo da ke nesa da juna suna aiki kamar faifai guda, aka sami 136.2, daga baya Gaia ya tabbatar. Bambancin 120 da 136 ba ƙarami ba ne ga batunmu: duk tazarar da ke cikin gungun tana canjawa da kashi 13 cikin ɗari, girman cikinsa kuma da kashi 45. Faifan rediyon nan mai faɗin mita 32 da ke Kuntunse, kan hanyar Nsawam, wanda aka mayar daga aikin sadarwa aka ƙaddamar a Agusta 2017, an gyara shi ne domin ya shiga irin wannan awo na haɗin gwiwa.

Ta yaya ake gane ɗan gungu daga mai wucewa?

Ta tafiyarsa da nisansa. 'Yan gungu suna gusawa fuska ɗaya da gudu kusan ɗaya. Misali mafi bayyana yana dab da Kaza: gungun Hyades, mai siffar harafin V, shi ne sakakken gungu mafi kusa da mu, shekarar haske 153. Jan tauraron nan Aldebaran da ke bakin V ɗin ya fi kowa haske a wurin, amma ba ɗan gida ba ne. Nisansa shekarar haske 65, bai kai rabin hanya ba. Wanda ya sa irinsa a ƙidaya zai sami cunkoson da babu shi. Wanda kuma madubinsa bai kama ƙananan jajayen taurari ba, waɗanda su ne mafi rinjaye, zai sami tazarar da ta fi gaskiya faɗi.

To suna karo ko ba sa karo?

A unguwarmu, kusan a ce ba ya faruwa. A cibiyar dunƙulallen gungu yana faruwa jefi-jefi, saboda akwai taurari dubbai ɗaruruwa da ke kai-komo a gudun kilomita 10 ko fiye a sakan, kuma sun yi shekara biliyan 12 suna yi. Ƙarfin janyowa ma yana lanƙwasa hanyar biyun da suka kusanci juna, ya ƙara damar haɗuwa.

Shaidar tana cikin launi. A tsohon gungu bai kamata a ga manyan taurari shuɗɗa ba, domin irinsu da wuri suke ƙone mansu su mutu. Amma a 1953 Allan Sandage ya gan su a gungun M3. Bayanin da aka fi yarda da shi: wasu taurari biyu ne suka yi karo suka narke suka zama ɗaya, wasu kuma tagwaye ne, wato taurari biyu masu zagaya juna, ɗaya ya zuƙe iskar ɗan'uwansa ya yi nauyi ya koma kamar matashi.

Abin da ya fi karo yawa shi ne giftawa kusa. Tauraro ya ratsa ta wajen tagwaye, ya kori ɗaya ya maye gurbinsa, ko ya matse su su ƙara kusantar juna. Shi ya sa gungu irin 47 Tucanae yake cike da fulsa, gawarwakin taurari masu juyawa sau ɗaruruwa a sakan guda, an gano sama da ashirin a cikinsa.

Tagwayen taurari ba su rushe duk wannan lissafi ba?

Ana ƙirga su a matsayin gida ɗaya. Alpha Centauri A da B suna zagaya juna cikin shekara 80, tazararsu tana kai-komo tsakanin ninki 11 da 36 na tazarar Rana da Duniya. A sikelin wake, mita 8 zuwa 27. Proxima yana zagaya su daga nisan shekarar haske 0.2. Irin wannan sakakkiyar alaƙa ba za ta ɗore a cibiyar dunƙulallen gungu ba, baƙo na farko da ya gifta zai tsinka ta.

Tazarar tana nan yadda take har abada?

A'a. Duk giftawa musayar gudu ce. Masu nauyi suna rage gudu su nitse tsakiya, marasa nauyi su sami ƙari su fita gefe, wasu su fice gaba ɗaya. Sakakken gungu riƙonsa ba shi da ƙarfi, tauraron da ya sami gudun kilomita ɗaya ko biyu a sakan ya tafi ke nan, ga kuma jan galaksi da na manyan gajimaren gas da yake ratsawa. Yawancinsu suna watsewa cikin 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Hyades, mai shekara wajen miliyan 625, bayanan Gaia sun nuna yana jan wutsiya biyu ta taurarin da suka zube, gaba da baya. M67 ya kai shekara biliyan 4 bai watse ba, amma irinsa kaɗan ne. Ana kyautata zaton ita ma Rana a cikin gungu aka haife ta shekara biliyan 4.6 da suka wuce, 'yan'uwanta sun bazu a galaksi.

Dunƙulallen gungu akasin haka cibiyarsa ke yi: tana zubar da na gefe, ita kuma tana ƙara matsewa, har sai tagwayen da ke cikinta sun riƙa tunkuɗa masu giftawa sun tsayar da durƙushewar.

Da muna zaune a cibiyar irin wannan gungu, yaya dare zai kasance? Akwai duniyoyi a can?

Tauraro irin Rana a nisan sulusin shekarar haske zai ɗan fi Zara haske a lokacin da ta fi ƙyalli. A nisan 0.1 zai ninka ta wajen sau goma sha biyar, amma har yanzu kashi ɗaya cikin ɗari ne na hasken wata ɗan daren sha huɗu, kuma ɗigo ne, ba faifai kamar Rana ba. Mu a nan taurarin da ido ke iya gani a duk faɗin sama ba su kai dubu goma ba. A can za su ninka haka sau da yawa, dare ba zai yi baƙi ƙirin ba.

Batun duniyoyi kuwa, madubin Hubble ya sa ido a kan taurari wajen 34,000 na 47 Tucanae yana neman manyan duniyoyi masu gifta fuskar tauraronsu, sakamakon da aka fitar a 2000 ya nuna ba a ga ko ɗaya ba. Ana danganta hakan da ƙarancin sinadarai masu nauyi a tsofaffin taurari, da kuma giftawar maƙwabta da ke fizge duniyoyi daga hanyarsu. Duk da haka a gungun M4 akwai wata duniya mai nauyin duniyar Mushtari (Jupiter) sau biyu da rabi tana zagaya fulsa da abokin tagwaicinsa. A sakakken gungun M44 kuma an sanar da gano duniyoyi biyu a 2012.

Wanne zan iya gani daga Accra ko Kumasi, yaushe, kuma da me?

Muna da sa'ar wuri. Accra tana digiri 5.6 arewa da tsakiyar Duniya, Kumasi 6.7, don haka muna ganin na arewa da na kudu, har waɗanda mutanen Ingila ba sa gani ko kaɗan.

Kaza da 'Ya'yanta tana kaiwa ƙololuwa, digiri 71 ta fuskar arewa, da tsakar dare a tsakiyar Nuwamba, da ƙarfe tara na dare a farkon Janairu. Madubin hangen nesa mai ido biyu, 7×50 ko 10×50, ya fi babban madubi dacewa da ita, saboda faɗinta ya kusa digiri biyu. Da shi za a ga taurari gomomi. Galileo ya zana 36 a 1610 da madubin da bai kai waɗannan ba.

Omega Centauri yana tashi digiri 37 ta kudu a Accra, 36 a Kumasi. A nemo farin tauraron Spica lokacin da ya kai ƙololuwa, a sauko kudu sak digiri 36. Dunƙulen hannu in an miƙa shi digiri 10 ne, ke nan dunƙule uku da rabi. Lokacinsa ƙarfe tara na dare a ƙarshen Mayu, tsakar dare a tsakiyar Afrilu, ko wajen ƙarfe biyar na asuba a ƙarshen Janairu ga mai tashi salla da wuri. Da ido kamar tauraron da ya jiƙe yake, da madubi mai ido biyu kuma ƙwallon hazo mai girman wata. Taurarin gefensa suna fara rarrabuwa a madubi mai faɗin milimita 150, a 200 kuwa abin sai wanda ya gani. M13 ta arewa da M4 kusa da jan tauraron Antares na Yuni da Yuli ne, sai dai a yi ta fakon tsagar gajimare. 47 Tucanae digiri 12 kawai yake tashi a Accra, da ƙarfe tara a tsakiyar Nuwamba, sai an sami kudu a buɗe ba gini ba bishiya.

Zaɓen wuri ya bi fuskar da za a duba. Tudun Aburi yana da kyau ga na arewa, amma in ka juya kudu hasken Accra ne gaba ɗaya a gabanka. Na kudu a bakin teku ake nemansu, nesa da fitilu, gari yana bayanka. Mutanen Kumasi su nufi wajen tafkin Bosomtwe, su tsaya a saman tudun da ya kewaye shi, domin daga bakin ruwa tudun yana tare ƙasan sama.

Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu shi ne babban abokin gaba: sama ba gajimare, amma ƙura ta cinye duk wani abu mai dishi-dishi, musamman na ƙasa-ƙasa. Daren da ruwa ya ɗauke ya wanke iska, wata kuma bai fito ba, ya fi darare goma na hazo. A ba ido minti 20 zuwa 30 a duhu, a mayar da fuskar waya ja, a jingina gwiwar hannu a kan katanga ko rufin mota don madubin ya daina rawa, a kuma dubi gungun ta gefen ido maimakon kai tsaye, zai fi fitowa. In raɓa ta kwanta a gilashi kada a goge da gefen riga, ƙurar da ke kai za ta karce shi. A bar shi a buɗe a ɗaki ya bushe, sannan a rufe shi a akwati tare da ƙunshin silika, irin wanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, domin laimar Accra tana sa gilashi ya yi fumfuna daga ciki cikin damina ɗaya.